Daga Gindin Dutsen Tebur Zuwa Khayelitsha: Hanyar Maganin Ƙanjamau

Babbar hanyar da ake kira N2 tana tasowa daga tsakiyar birnin Cape Town a ƙasar Afirka ta Kudu, ta kewaye gindin Dutsen Tebur, sannan ta miƙe gabas ta ratsa wani shimfiɗaɗɗen fili mai rairayi da iska wanda ake kira Cape Flats, kuma matafiyin da ya bi ta tsawon kilomita kamar 30 zai isa Khayelitsha, unguwar da aka fara warware wata gardama da ta shafi rayukan miliyoyin 'yan Afirka. Gardamar ita ce ko talaka mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda likitoci ke kira HIV, zai iya shan magani kullum a kan ƙa'ida har tsawon rayuwarsa, ko kuwa ba shi maganin asarar dukiya ce da jawo wa duniya sabuwar masifa.

Tun kafin mota ta bar gari, hanyar takan karya kwana a ƙarƙashin asibitin Groote Schuur, inda likita Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a duniya a watan Disamba na 1967, daga nan sai gidaje su fara ƙanƙancewa, itatuwa su ragu, a wuce Langa da Gugulethu da Nyanga da Crossroads, unguwannin da mulkin wariyar launin fata ya tura baƙaƙe, a kuma wuce filin jirgin sama. Gwamnatin wariyar ce ta yanke shawarar kafa Khayelitsha a 1983, ta sa mata wannan suna da ke nufin sabon gida a harshen Xhosa, ta zuba mutane a kan tuddan rairayi nesa da wurin aiki da nesa da idon farar fata. Ƙidayar 2011 ta ba ta mutum kusan 390,000. Abin da ido ke fara gani shi ne ɗakunan kwano da katako a cunkushe har bakin titi, da dogayen fitilu masu haska unguwa guda daga sama, da wayoyin lantarki da aka ja barkatai, da ƙananan motocin haya farare masu kwasar ma'aikata tun da asuba, ko da yake can ciki akwai unguwannin bulo da makarantu da manyan kantuna.

Domin a fahimci abin da ya faru a wannan wuri, dole a san yadda cutar take da yadda maganinta ke aiki. Ƙwayar HIV tana shiga wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki, ta mayar da su masana'antar haifar irinta, ta hallaka su sannu a hankali, har jiki ya kasa kare kansa daga tarin fuka da sanƙarau da gudawa da sauran cututtukan da ke jiran rauninsa. Tun daga 1996 aka tabbatar da cewa haɗa magunguna uku a sha tare yana hana ƙwayar hayayyafa, ta yadda yawanta a jini zai yi ƙasa har na'ura ta kasa ƙirga ta, kuma wannan halin shi ake kira danne ƙwayar cuta. Sai dai maganin ba ya kawar da ita baki ɗaya, domin tana ɓoye gadonta a cikin wasu ƙwayoyin jiki masu dogon barci inda magani ba ya taɓa ta, kuma da zarar an daina sha, cikin 'yan makonni takan dawo jini. Abin da ya fi dainawa haɗari shi ne sha-yau-bari-gobe, saboda ƙwayar tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, idan kuma ƙarfin magani a jini ya ragu bai ƙare ba, to wadda kuskurenta ya sa ta jure wa maganin ita ce za ta rayu ta yaɗu, shi ne abin da ake kira bijire wa magani. Magungunan farko irin su nevirapine da efavirenz sauyi guda tak a jikin ƙwayar ya isa ya kashe amfaninsu, kuma wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya nuna cewa da magungunan wancan zamani sai mutum ya sha aƙalla kashi 95 cikin 100 na abin da aka rubuta masa kafin a sa ran danne cutar yadda ake so.

Ke nan tsoron yana da tushe a kimiyya, amma an ɗora masa abin da ba kimiyya ba. A watan Yuni na 2001 shugaban hukumar ba da agaji ta Amurka a lokacin, Andrew Natsios, ya faɗa a bainar jama'a cewa da yawa daga 'yan Afirka ba su san agogo ba, saboda haka ba za su iya shan magani a kan lokaci ba. Maganar ta zo daidai lokacin da hujjar tsada ta fara rushewa, domin maganin shekara guda da ake sayarwa fiye da dala 10,000 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin bayar da shi a kan dala 350 a watan Fabrairun wannan shekara, kuma a watan Afrilu kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka shigar da gwamnatin Afirka ta Kudu a Pretoria kan dokar shigo da magani mai sauƙi. Mai nazarin tarihin zai lura cewa babu wanda ya taɓa gindaya wa majinyatan London ko San Francisco sharaɗin iya karanta agogo, alhali a cikinsu ma akwai masu mantuwa da masu shaye-shaye da marasa matsuguni.

Wurin da matafiyi ya kamata ya fara tsayawa shi ne Site B, ɗaya daga cikin tsoffin sassan unguwar, inda akwai babban asibitin shan magani da kasuwa da tashar jirgin ƙasa kusa da juna. Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wadda aka fi sani da MSF, ta iso Khayelitsha a 1999 ƙarƙashin jagorancin likita Eric Goemaere ɗan ƙasar Beljiyam, ta buɗe ɗakunan duba masu cutar a cikin asibitocin gwamnati a 2000, sannan a watan Mayu na 2001 ta fara ba da magungunan haɗin uku kyauta. Ba a miƙa wa kowa kwalbar magani hannu sake ba. Ana buƙatar majinyaci ya nuna yana zuwa asibiti a ranar da aka sa masa, ya bayyana halinsa ga aƙalla mutum ɗaya, ya kawo mataimaki daga gida ko maƙwabta wanda zai riƙa tuna masa, ya kuma zauna da mai ba da shawara har ya fahimci abin da zai shiga, sannan a ba shi akwatin magani mai rami-rami na kwanakin mako. A gefe guda kuma ƙungiyar fafutuka ta TAC, wadda Zackie Achmat da abokansa suka kafa a Cape Town ranar 10 ga Disamba 1998, ta shiga lunguna da majami'u da layukan asibiti tana koyar da mutane sunayen magunguna da illolinsu da ma'anar lambobin gwajin jini da harshensu, har ya zama tsohuwa mai sayar da kayan miya tana iya faɗin adadin CD4 ɗinta da abin da ya sa ya hau.

Sakamakon da aka buga a 2004 ya shafi manya 287 na farko, waɗanda akasarinsu sun fara magani suna bakin kabari, domin matsakaicin CD4 ɗinsu bai kai 50 ba, alhali na lafiyayyen mutum yakan haura 500. Bayan wata shida kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gwada cutar ta danne a jininsu, bayan shekara biyu kuma kimanin kashi 70, kuma fiye da kashi 85 suna raye, wanda ya yi daidai da abin da asibitocin ƙasashe masu arziki ke samu ko ya fi. Adalci ya sa a faɗi cewa waɗannan zaɓaɓɓu ne, an tace su, kuma sun ga mutuwa da idonsu, wanda kuwa ya tashi daga tabarmar jinya ba ya buƙatar a roƙe shi ya sha abin da ya tashe shi. Duk da haka batun agogo ya mutu a Site B, kuma bai sake tashi da ƙarfinsa ba.

Daga Site B zuwa Site C tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a can asibitin Nolungile yake, inda Nelson Mandela ya zo a watan Disamba na 2002 ya sanya rigar TAC mai rubutun da ke shelar cewa mai sanye da ita yana ɗauke da cutar. Nauyin wannan abu ba ya bayyana sai an tuna cewa shekara huɗu kafin nan, a KwaMashu kusa da Durban, an kashe Gugu Dlamini da duka bayan ta bayyana halinta a fili, kuma a lokacin ziyarar Mandela, shugaba Thabo Mbeki yana shakkar cewa HIV ce ke jawo ƙanjamau, ministar lafiyarsa Manto Tshabalala-Msimang tana tallata tafarnuwa da lemon tsami da man zaitun. Bayan haka ma wani ɗan kasuwa Bajamushe mai suna Matthias Rath ya kafa sansani a cikin Khayelitsha yana raba ƙwayoyin bitamin yana kiran maganin cutar guba, har sai da kotu ta taka masa burki a 2008. Mai shan magani a waɗannan shekaru yana haɗiye shi ne alhali manyan ƙasarsa suna ce masa zai kashe shi. Gwamnati ba ta fara raba maganin a faɗin ƙasa ba sai a 2004, kuma masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000.

Matsalar da ta biyo baya nasara ce ta haife ta. Mutanen da da za su mutu sun rayu, kowannensu kuma yana buƙatar magani kowane wata, sai layi ya yi tsawo har mutum ya fito kafin ketowar alfijir ya wuni a kan benci domin karɓar abin da bai wuce aikin minti biyar ba, ga kuɗin mota, ga ladan yini guda da mai aikin gida ko lebura zai rasa, ga idon maƙwabta da ke ƙirga wanda ya shiga wace ƙofa. A asibitin Ubuntu da ke Site B, wanda sunansa ke nufin mutuntaka, aka fara gwada wata dabara a 2007, wato ƙungiyoyin masu shan magani. Ana haɗa mutum kamar 30 waɗanda suka daɗe a kan magani kuma gwajin jininsu ya nuna cutar a danne, su riƙa haɗuwa sau ɗaya duk wata biyu a ɗaki guda ko a zauren majami'a ko a gidan ɗayansu, ƙarƙashin mai ba da shawara wanda ba likita ba ne kuma ba nas ba. Yana auna nauyin kowa, ya tambayi tari da zazzaɓi da rama, ya miƙa wa kowa ƙunshin maganinsa da aka riga aka ɗaure da sunansa, a ɗan tattauna, a watse cikin sa'a guda. Wanda uzuri ya hana shi zuwa yana iya aiko amini, wanda ya makara yana da 'yan kwanaki na sassauci, wanda ya wuce su ko jininsa ya nuna cutar ta motsa sai a mayar da shi hannun nas. Sau ɗaya a shekara ake ɗibar jinin kowa. Binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa bayan wata 40, kashi 97 cikin 100 na 'yan ƙungiya suna nan a kan magani, in aka kwatanta da kashi 85 na takwarorinsu da suka ci gaba da bin layi, kuma tun 2011 hukumomin lafiya na lardin suka karɓi tsarin suka baza shi a birnin.

Wannan ɗibar jini ta shekara-shekara ita ce alƙalin dukan al'amarin, domin tambayar majinyaci ko yana shan magani ba ta cika fitar da gaskiya ba, tun da kowa yana son ya faranta wa ma'aikacin lafiya rai, ƙirga ragowar ƙwayoyi kuwa ana iya zubar da su a hanya. Gwajin yana ƙirga yawan kwafin ƙwayar cutar a cikin mililita ɗaya na jini. Idan bai kai 50 ba ana cewa ba a gan ta ba, idan kuma ya haura 1,000 alama ce ta ɗayan abu biyu, ko dai ba a shan maganin, ko ƙwayar ta bijire masa. Hanyar rarrabewa ita ce a zauna da mutum a binciki abin da ya shiga tsakaninsa da kwalbarsa, a maimaita gwajin bayan kamar wata uku, kuma sau da yawa lambar takan sauka ba tare da an canza magani ba. Gwajin ya ƙara daraja tun daga 2011, lokacin da wani babban bincike a kan ma'aurata da ɗayansu ke ɗauke da cutar ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗa ta da kashi 96 cikin 100, sannan bincike-binciken da suka biyo baya a Turai ba su sami ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin kwanciyar da cutarsa ke ƙasa da kwafi 200 ba. Ma'anar wannan ga matar aure a Makhaza ko Harare, wasu sassa biyu na unguwar, ita ce takardar gwajinta tana kare mijinta, tana kuma rage haɗarin jaririnta ƙwarai.

Shi kansa maganin ya sauya kama. Na farko ƙwayoyi ne masu yawa safe da yamma, kuma stavudine da aka yi amfani da shi shekaru yakan zuƙe kumatu ya sa ƙafafu zugi, har fuskar mutum ta tona asirin da bakinsa ya rufe, sai a 2010 aka maye gurbinsa da tenofovir. A 2013 aka koma ƙwaya ɗaya a rana, a 2016 aka daina jiran garkuwar jiki ta faɗi kafin a fara, a ƙarshen 2019 kuma aka shigo da haɗin da ke ɗauke da dolutegravir, wanda ƙwayar cutar ke shan wuya kafin ta bijire masa, kuma shi ne dai ake bayarwa a asibitocin Nijeriya. Yana da nasa sharuɗɗa, domin mai shan rifampicin na tarin fuka sai an ƙara masa dolutegravir sau biyu a rana, tarin fuka kuwa a Khayelitsha ba baƙo ba ne.

Amma mai yawo a ƙafa tsakanin ɗakunan kwano zai ga abubuwan da sauƙin ƙwaya ba ya magancewa. Gobara takan cinye ɗaruruwan ɗakuna a dare ɗaya idan iskar kudu maso gabas ta taso, da katin asibiti da kwalba da komai, ruwan hunturu tsakanin Yuni da Agusta yakan mamaye ƙasan ɗaki, mai gadi da ke aikin dare ba ya da tsayayyen lokacin barci, matar da ba ta faɗa wa mijinta ba tana ɓoye maganin a cikin garin masara ta jira ya fita. Maza sun fi mata nisantar asibiti da makarar zuwa, matasa da aka haifa da cutar kuma sukan gaji da ƙwayar da suke sha tun ba su san dalilinta ba. Wanda aka fara ba shi magani yana da ƙoshin lafiya, kamar yadda ake yi tun 2016, bai taɓa ɗanɗana ciwon da ake ce masa yana gudu ba, kuma riƙe irin wannan mutum ya fi riƙe na 2001 wuya.

Hanyar N2 ba ta tsaya a Khayelitsha ba. Tana hawa tsaunuka ta bi gaɓar teku ta George da Gqeberha da East London har Mthatha, fiye da kilomita 1,000, kuma a watan Disamba dogayen motoci sukan cika da mutanen unguwar masu komawa ƙauyukansu na lardin Eastern Cape domin hutun ƙarshen shekara da bukukuwa da kaciyar samari da ziyarar kaburbura, kamar yadda 'yan ci-rani ke komawa gida idan damina ta kama. Mai maganin wata biyu da ya yi niyyar mako uku, rasuwa ko rashin kuɗin mota suka riƙe shi, yakan wayi gari kwalba ba komai a ƙauyen da asibiti ke bayan tsauni, shi ya sa ƙungiyoyin Khayelitsha suka koma ba da maganin wata huɗu a haɗuwar ƙarshe ta shekara. A can ƙuryar wannan lardi, a Lusikisiki, MSF ta gudanar da wani shiri daga 2003 zuwa 2006 inda nas-nas na ƙananan asibitocin ƙauye 12 suka riƙa fara ba da magani ba tare da jiran likita ba, kuma bayan shekara guda waɗanda suka ɓace daga kulawa kusan kashi 2 cikin 100 ne a ƙananan asibitocin, alhali a babban asibitin garin sun kai kusan kashi 19. Magani iri ɗaya ne, mutane iri ɗaya, bambancin kawai nisan tafiya da sanin fuska.

Abin da ya rage wa Khayelitsha a yau shi ne mutanen da suka fara suka bari. Gadajen asibitin gundumar da aka buɗe a 2012 suna karɓar majinyata masu tsananin ciwo waɗanda da yawansu sun taɓa shan magani, wani abu ya katse su, kunya da tsoron faɗan ma'aikata suka hana su dawowa sai da jiki ya lalace. Ƙungiyoyin masu shan magani, duk da amfaninsu, lada ne ga wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa, kuma ƙa'idarsu tana fitar da mutum daidai lokacin da ya fi buƙatar sauƙi. Wannan ne ya sa daga baya aka ɓullo da wani tsari na marabtar mai dawowa, inda ake karɓarsa ba tsawa ba tuhuma, a gwada jininsa, a mayar da shi kan magani ba ɓata lokaci.

Afirka ta Kudu tana da mutum kusan miliyan 8 masu ɗauke da cutar, fiye da miliyan 5 daga cikinsu suna kan magani, shirin da ya fi kowane girma a duniya, kuma gwamnatin ƙasar ce ke sayen mafi yawan ƙwayoyin da kuɗinta. Tallafin Amurka na shirin PEPFAR, wanda ya kai kimanin kashi 17 cikin 100 na kuɗin yaƙi da cutar a ƙasar, an dakatar da shi a farkon 2025 aka kuma soke kwangiloli da dama, kuma babban ɓangarensa albashin masu ba da shawara ne da masu shigar da bayanai da masu bin sawun wanda bai zo karɓar maganinsa ba.